Baƙo da Jagoransa: Daga Wasan Another World Zuwa Hanyoyin Agadez

Dare ne, hadari ya haɗu, ana ta walƙiya. Wata mota ƙirar Ferrari ta ja birki a ƙofar wani gini da ba kowa. Saurayi mai jan gashi ya fito, na'urar hawa da sauka ta kai shi can ƙarƙashin ƙasa, ya danna lambobin sirri, ƙofa ta buɗe. Sunansa Lester Knight Chaykin, masanin kimiyyar fiziya. Ya zauna gaban kwamfuta, ya tayar da wata katafariyar na'ura mai harba ƙwayoyin zarra, ya fasa gwangwanin lemo yana kurɓa yana jiran sakamako. Sai aradu ta faɗa kan ginin, wutar ta bi bututun na'urar a guje. Kafin ƙiftawa da bismillah an nemi Lester da teburinsa an rasa, sai rami a inda suke.

Daga nan mai wasa ke karɓar ragama. Lester ya tsinci kansa cikin tafki mai zurfi, teburin na nutsewa da shi, wasu dogayen jijiyoyi masu rai na miƙowa daga ƙasan ruwan. Wanda ya tsaya kallo ya mutu tun bai taka tudu ba. Wanda ya yi iyo ya fito zai tarar da sararin da bai taɓa gani ba, duwatsu tsaitsaye, ga wata baƙar dabba can kan tsauni ta zuba masa ido. Ba rubutu a allon, ba maki, ba ma'aunin rai, ba kuma mai ce masa ga inda zai dosa.

Farkon Another World ke nan, wasan bidiyo da kamfanin Delphine Software ya fitar a Faransa a 1991. A Amurka an sayar da shi da sunan Out of This World, domin wani shirin talabijin ya riga shi ɗaukar sunan. A 2012 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya sa shi cikin wasanni 14 da ya fara taskancewa. Abin da ya riƙe shi a zukatan mutane sama da shekara 30 shi ne labarin baƙon da ya faɗa ƙasar da bai san kowa ba, da ɗan ƙasar da ya kama hannunsa. Agadez kuwa ta yi ɗaruruwan shekaru tana cin abinci da wannan labari, a zahiri ba a allo ba.

Daga tsallake ganga zuwa ba da labari

Sana'ar shirya irin waɗannan wasanni da tsalle kawai ta fara. A 1981 Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya fito da Donkey Kong, inda wani guntun mutum mai gashin baki ke hawa tsani yana tsallake gangunan da goggon biri ke mirgino masa. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna Mario, kuma da Super Mario Bros. na 1985 wasan gudu da tsalle ya shiga gidaje ko'ina a duniya. Labarin dai bai wuce numfashi ɗaya ba: an sace gimbiya, je ka ƙwato ta.

A 1986 Nintendo ta kai wasan sararin samaniya da Metroid. Jaruminsa, Samus Aran, lulluɓe da sulke tun daga kai har ƙafa, ya sauka duniyar Zebes shi kaɗai, yana ratsa ramukan ƙarƙashin ƙasa masu rassa. Masu shirya shi sun ɗauko tsoro da kaɗaicin fim ɗin Alien na 1979. Wanda ya gama wasan da wuri, sai a cire hular sulken ya ga ashe jarumin nan mace ce.

Shi kuwa wani Ba'amurke, Jordan Mechner, ya ɗauki ƙanensa David a bidiyo yana gudu, yana tsalle, yana maƙale wa katanga, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zana su a kwamfutar Apple II. Dabarar tsohuwa ce, Max Fleischer ya ƙago ta a 1915 don finafinan zane. Da ita aka haifi Prince of Persia a 1989, jarumi mai jiki irin na ɗan Adam: sai ya ja da baya kafin ya yi dogon tsalle, in ya faɗo daga bisa kuma sai dai wani ba shi ba.

Mutum ɗaya, shekara biyu

An haifi Éric Chahi a 1967 a kusa da Paris, kuma tun 1983 yake rubuta wasanni. A 1989 ya yi aikin zane a wasan Les Voyageurs du Temps na Paul Cuisset, kuma kasonsa na cinikin ya ba shi damar zama shekara biyu yana aikin kansa. Kwamfutarsa Amiga 500 ce, wadda ake sayarwa da ƙwaƙwalwa mai kilobait 512, faifanta kuma ba ya cin fiye da kilobait 880. Hoto guda na wayar zamani yakan fi ƙarfin wannan faifai.

Chahi na son wasansa ya motsa kamar fim, wurin ajiya kuwa babu. Sai ya bar ajiye hotuna ya koma ajiye umarnin zana su: kusurwa kaza a nan, layi kaza a can, a cike da launi kaza, kwamfuta ta zana nan take. Dabarar tela ce, wanda ba ya tara riguna a shago, sai dai ya rubuta awon kowa a littafi. Launi 16 kacal yake da su a lokaci guda, ya juya su har suka ba da dare da rana da hasken wuta. Shi ya rubuta manhajar zanen, shi ya ƙago harshen umarnin da wasan ke bi, shi ya ɗauki kansa a bidiyo don samun motsin jiki, da motar wasan yara ya yi Ferrari, har hoton kwalin da hannunsa ya zana. Kiɗan ne ya bar wa abokinsa Jean-François Freitas. Labarin ma bai tsara shi a takarda ba, yana ginawa yana gano inda ya nufa.

Wataƙila shi ya sa labarin ya fito da gaskiyar wanda ya yi aiki cikin kaɗaici. Baƙar dabbar nan takan diro gaban Lester, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya yi lilo da wata jijiyar itace a bakin kwazazzabo, ya dawo a guje. Wasu ƙarti masu lulluɓi suka harbe dabbar. Lester ya ɗaga hannu yana gaisuwa, su kuma suka sumar da shi. Ya farka cikin keji rataye a sama, a wani kurkukun haƙar ma'adinai, gefensa ga wani fursuna ɗan ƙasar, ƙato mai faɗin kafaɗa. Ba mai jin yaren wani. Suka yi ta kaɗa kejin gaba da baya har ya tsinke ya faɗa kan mai gadi. Fursunan ya dafa kafaɗar Lester, ya yi masa nuni da hanya.

Wasan bai ba shi suna ba, masu wasa ne suka riƙa kiransa Buddy. Bindigar mai gadin na hannun Lester, tana harbi, tana kafa garkuwar haske, tana fasa bango. Sanin gari kuwa na wurin abokin: shi ya san yadda ake buɗe ƙofofin, shi ya san ramin da za a bi a tsira, shi ke cilla Lester ƙetaren ramin da ba zai iya tsallakewa ba. Su rabu, su haɗu, wannan ya ceci wancan. A ƙarshe an yi wa Lester dukan kawo wuƙa, yana jan ciki a ƙasa da ƙyar har ya kai hannu ga maɓallin da ya halaka maƙiyin. Abokin ya sunkuce shi, suka hau wata halitta mai fukafukai suka tashi. Ba a nuna ko ya koma gida ba. Chahi ya sha faɗa cewa jan cikin nan hoton gajiyarsa ce a ƙarshen shekara biyun.

An sayar da kwafi kusan miliyan ɗaya a shekarun 1990. Fumito Ueda na Japan ya ce daga nan ya samo ilhamar Ico na 2001, inda yaro ke jan hannun yarinyar da ba ya jin yarenta. Limbo na 2010 da Inside na 2016, daga Denmark, duk jikokinsa ne.

Mai neman takarda da mai goge daɓe

A 1992 Paul Cuisset ya fitar da Flashback a kamfanin nan na Delphine. Shekarar cikin labarin 2142 ce. Conrad Hart ya farka a dajin Titan, ɗaya daga watannin duniyar Satun, bai san ko shi wane ne ba. Ya gano cewa wasu halittu masu rikiɗa, Morphs, sun saje da mutane, kuma dole ya koma duniyarmu. Sai dai ba kuɗin tafiya. A birnin New Washington sai da ya bi ofis-ofis neman takardar izinin aiki, ya yi ƙananan ayyuka ya tara abin biyan mai buga takardun jabu, sannan ya shiga gasar talabijin ta a mutu ko a yi rai don cin tikiti. Duk wanda ya ga matasan Afirka ta Yamma a Agadez suna leburanci suna tara kuɗin motar Libiya, ba sai an yi masa bayanin wannan babi ba.

A 1997 Lorne Lanning da Sherry McKenna a Kalifoniya suka juya labarin da Oddworld: Abe's Oddysee. Abe bawa ne mai goge daɓe a RuptureFarms, masana'antar sarrafa nama, an ɗinke masa leɓɓa. Wata rana ya leƙa taron masu kamfanin ya ji cewa dabbobi sun yi ƙaranci, riba ta faɗi, saura a yanka bayin kansu. Ba ya riƙe bindiga. Makaminsa magana: ya yi wa ɗan'uwansa sallama, ya ce biyo ni, ya ce tsaya nan. Bayi 99 ke jiran ceto, kuma wanda bai kuɓutar da aƙalla 50 ba, su ma ba za su zo cetonsa ba ranar da aka kama shi. A nan mai wasa ya tashi daga baƙo ya koma jagora.

Sana'ar Agadez

Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma ba inda aka mai da wannan magana sana'a kamar ƙasar Abzin. Tun ƙarni na 15 Agadez ke zaman mazaunin Sarkin Abzin, mahaɗar ayarin Arewacin Afirka da na ƙasar Hausa. Hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 16, ita ke yi wa matafiyi maraba tun daga nesa, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kowace kaka ayarin gishiri kan ƙetare Tenere zuwa Fachi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, ya kai hatsi ya dawo da kantu da dabino. Rayuwar kowa a ayarin na hannun madugu. Shi ke karanta taurari da dare, shi ke lura da kwanciyar tudun rairayi da rana, shi ya san kwana nawa ya rage a kai rijiya. Kuskuren kwana ɗaya ya isa ya cinye ayari.

Lester na gaskiya ya ratsa wannan ƙasa a 1850. Heinrich Barth, masani Bajamushe, ya baro Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg. A watan Yuli, kusa da Ghat, ya nace sai ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, dutsen da Abzinawa ke cewa mazaunin aljannu ne, suka gargaɗe shi bai ji ba. Ya ɓace, ruwansa ya ƙare, ƙishirwa ta kai shi ga yanka jijiyarsa ya tsotsi jininsa. Wani Ba'abzine ne ya bi sawunsa a kan raƙumi ya tsince shi rai a hannun Allah. A watan Oktoba ya shiga Agadez ƙarƙashin kariyar Annur, shugaban Kel Owey na Tintellust, bisa rakiyar surukinsa Hamma. Ya ga hawan Sarki Abdulƙadir, ya rubuta cewa da Hausa ake ciniki a garin, kuma har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya sauka. Barth ya fi yawancin takwarorinsa adalci, domin ya ambaci sunayen mutane da dama da suka taimake shi. Duk da haka sunansa ne a bangon mujalladai biyar ɗin da ya wallafa a 1857 da 1858, kuma da idonsa duniya ta ga tafiyar.

Sana'ar ba ta mutu da raƙumi ba, kaya kawai ta sauya. A shekarun 1980 Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadez ke ɗauke da sunansa, ya tara matasa a kamfaninsa na Temet Voyages suna kai masu yawon buɗe ido cikin Abzin da Tenere, kuma gasar Paris-Dakar kan yada zango a garin. Da tawayen shekarun 1990 da na 2007 suka kori baƙin, direbobi da yawa suka koma jigilar masu zuwa Libiya: ayarin Hilux na ranar Litinin, mutane jere a baya kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo. Dokar 2015 ta haramta wannan jigila, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sannan aka soke ta a Nuwamba 2023. Ko wane irin baƙo ne, buƙatarsa ɗaya: wanda ya san inda ruwa yake.

Idan abokin ya karɓi magana

A 1994 kamfanin Interplay ya fitar da Heart of the Alien, ci gaban Another World, inda mai wasa ke riƙe da abokin a maimakon Lester. Tunanin duba labarin ta idon ɗan ƙasar daga Chahi ya fito, amma wasu suka yi aikin, kuma daga baya ya ce bai ɗauke shi ci gaban wasansa ba.

Bahaushe ya riga su yin wannan juyi da fiye da shekara 100. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Overweg ya 'yanta shi a Barno tare da wani yaro mai suna Abbega. Bayan rasuwar Overweg a 1852 suka bi Barth zuwa Sakkwato da Tambutu, a 1855 kuma suka ƙetare hamada ta hanyar Bilma har Tarabulus, daga nan sai Landan. A can Dorugu ne ya zama baƙon wata duniya. Ya ba wa James Frederick Schön labarin rayuwarsa da Hausa, tun daga ƙuruciyarsa har yadda Turawa ke zaman cin abinci, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. A 1969 kuma, shekara 22 kafin Lester ya faɗa tafki, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauki yaro mai suna Kilba yawon sararin samaniya.

Kayan gina wata duniya kuwa a zube suke a jihar Agadez. A Gadoufaoua, kudu maso gabashin garin, masu neman yuraniyom suka ci karo da manyan ƙasusuwa, Philippe Taquet ya fara tono su a tsakiyar shekarun 1960. Daga nan aka samo Sarcosuchus, kada mai tsawon mita 9 ko fiye, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500, wanda ya yi kiwo a nan kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A yankin In Gall tawagar Paul Sereno ta tono wata dabba mai dogon wuya, aka sa mata suna Jobaria a 1999, daga Jobar, dodon labaran Abzinawa. A Gobero, a shekarar 2000, an gano maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin tafkin da ya ƙafe tun dubban shekaru, har da na wata mata da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. A Dabous, kan hanyar Arlit, an sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon sama da mita 5 a jikin dutse. Chahi sai da ya ƙago duwatsunsa da dodanninsa daga kansa, na Agadez kuwa suna nan da ƙasusuwansu.

An ma fara taɓawa. A 2017 aka fitar da fim ɗin Zerzura, wanda aka ɗauka a Agadez da kewaye, inda makaɗi Ahmoudou Madassane ya fito a saurayi mai neman ɗan'uwansa da ya tafi neman ɓataccen birni, yana gamuwa da aljannu da 'yan fashi da masu haƙar zinariya. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya shirya wasan waya mai suna Les Héros du Sahel, wanda jaruminsa Shamsou ke samun ƙarfi daga rana. A Yaounde, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games suka fitar da Aurion a 2016.

Tun 2011 aka mai da Another World wasan waya, don haka matashi a Agadez na iya gama shi ya nazarce shi a yammaci ɗaya. Wayar da ke aljihunsa, in tana da gigabait 2, ta ninka ƙwaƙwalwar Amiga 500 fiye da sau 4,000. Manhajar gina wasa irin Godot kyauta ake saukewa, kuma tun 2014 garin na da jami'arsa. Abin da ya rage shi ne mai zama shekara biyu irin na Chahi, ya tattara ilimin tsofaffin madugai tun suna raye, ya gina wasan daga ɓangarensu. A irin wannan wasa madugu ne a hannun mai wasa, abin lurarsa ruwan da ya rage a salka da ƙarfin raƙuma da inda iska ta nufa. Baƙon na biye a baya da littafinsa da na'urorinsa, kuma ranar da ya ƙi jin magana ya hau dutse shi kaɗai, aikin mai wasa ne ya bi sawunsa ya nemo shi kafin ƙishirwa ta gama da shi.